Ya Meram, Wadda Ta Koya wa Likitoci Sauraro

Duk wanda ya saba bin hanyar asibiti a Gashuwa da sanyin safiya ya san ta, ko da bai san sunanta ba. Mace ce gajera, kakkaura, mai ɗan ɗingishi a ƙafar hagu, da farin hijabi har gwiwa da tsohuwar jaka a kafaɗa. Bakwai saura take isowa, kuma ba ofis take fara shiga ba. Wajen bencin da masu ciwon ƙoda suke zaman jiran likita take nufa, ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana gaisuwa, kowa da harshen da ya sha a nono. Babade ta yi masa Badanci, Babarbare ta ce masa "Wushe, wushe," Bafillace ta lallaɓa da ɗan Fillancin da ta tsinta, sauran kuma Hausa ta wadatar. Bakinta na gaisuwa, idonta na kan ƙafafu. In ta ga wadda ta kumbura sai ta durƙusa ta danna babban yatsa a ƙwauri, ta jira ta ga ko wurin zai loɓa. Ba ta cewa, "Ka sha maganinka?" don ta san amsar da kowa zai bayar. Cewa take yi, "Jiya me aka ci a gida?" Daga nan zance yake warwarewa.

Sunanta Meram Goni, nas ce, amma babu mai kiran ta Sista sai baƙo. Ya Meram kowa yake cewa, har waɗanda suka girme ta. A ƙarshen watan da ya wuce ta ajiye aiki bayan shekara talatin da biyar. Ba a taɓa rubuta sunanta a jikin wani gini ba, ba ta taɓa hawa mumbari an miƙa mata lambar yabo ba. Amma daga Gashuwa har Nguru, daga Jajimaji har Yusufari, da wuya ka shiga ɗakin duba marasa lafiya ba ka tarar da wanda ya zauna a gabanta ya koyi yadda ake magana da mai ciwo ba.

Mu mutanen wannan yanki ba sai an gaya mana abin da ciwon ƙoda ya yi mana ba. Unguwa nawa ce ba ta yi zaman makokinsa ba? Masu bincike suna zuwa, su ɗebi ruwa, su ɗebi jini, har yanzu ana neman bakin zaren, Allah ya ba su sa'a. Sai dai kafin a gano dalili, dole a sami wanda zai zauna da manomi ko masunci ya gaya masa abin da yake cikin jikinsa ta yadda zai gane, ya kuma yarda ya dawo. Ciwon ƙoda ba zazzaɓi ba ne da za a yi allura uku a sallami mutum. Zama ne na shekaru, kuma mafi yawan jinyar a gida ake yin ta, a bakin murhu da gona, inda idon likita ba ya kaiwa. Wannan shi ne abin da Ya Meram ta gane tun da wuri. Kuma ba a littafi ta gane shi ba.

Tana da shekara takwas a aiki wani tela mai suna Malam Alamin ya zo da ciwon kai. Aka auna shi, jininsa ya hau sosai. Likita ya rubuta magani, ita ta miƙa masa. Ranar layi ya yi tsawo, rana ta take, ga wata mata tana naƙuda a ɗakin gefe. Sai ta ce masa, ko ɗaga kai ba ta yi ba, "Ɗaya da safe kullum. Ka sha har su ƙare." Ya yi godiya ya tafi.

Bayan shekara uku aka kawo shi a kwance, fuska ta kumbura, numfashi da ƙyar. Gwaji ya nuna ƙodojin sun riga sun tafi. Ta duba katinsa ta ga tun wancan zuwan bai sake lekowa ba, sai ranta ya ɓaci, ta fara faɗa: "Haba Malam! Mai hawan jini ne zai zauna shekara uku babu magani?"

Ya dube ta, babu fushi ko kaɗan a idonsa, ya ce, "Ai na sha, Sista. Kin ce in sha har su ƙare. Ko ƙwaya ɗaya ban bari ba."

Ya Meram ta ce a nan ta gane inda kuskuren yake. Mutumin bai saɓa mata ba. Abin da ta faɗa shi ya yi, ba ragi ba ƙari. Ita ce ba ta gaya masa cewa maganin hawan jini ba ya ƙarewa ba, in wannan ya ƙare sai a karɓo wani, har iyakar rai. Kalma biyar ko shida ne, da ba su ɗauke ta minti guda ba. Malam Alamin ya rasu bayan mako biyar. Ta je gaisuwa, matarsa ta riƙe hannunta tana yi mata godiyar ɗawainiya, ita kuwa ta kasa ɗaga ido.

Wani da ya binne wannan labari a cikinsa har kabari. Ita kuwa duk sababbin ma'aikatan da aka tara mata, da shi take buɗe baki, kuma ba ta taɓa cewa "wata nas" ba. "Ni ce," take cewa. "Ni Meram, da bakina."

Tun daga lokacin ta ɗauki wata ɗabi'a. In ta gama yi wa mai ciwo bayani sai ta ce, "To, yanzu in ka koma gida maiɗakinka ta tambaye ka me aka ce, me za ka gaya mata? Faɗa mini in ji, don in san ko na iya bayani." Ba ta cewa don ta san ko ya gane, laifin a kanta take ɗora shi tun kafin a yi. Ta kuma fara roƙon maza su zo da wadda take yi musu girki, don ta lura ana ta gaya wa maigida ya rage gishiri, alhali bai san inda ake ajiye gishirin a gidansa ba. Abokan aiki suka yi ta gunaguni, wai Meram tana cinye lokaci, mutum ɗaya sai ta yi rabin awa da shi. Gaskiyarsu ne, kuma ba ta da saurin karɓar gyara. In ta kafe, sai dai a bar ta. Amma da tafiya ta yi tafiya, shugaban asibitin na lokacin ya lura da wani abu: waɗanda suka bi ta hannunta suna dawowa ranar da aka sa musu, na wasu kuwa sai su ɓace, sai an kawo su ranga-ranga. Ya ce ta riƙa ɗan yi wa sababbin ma'aikata magana. Ɗan maganar nan ita ta zama zaman kowace Alhamis. Da mutanen Nguru suka ji, suka ce su ma a sammusu. Shekara goma sha huɗu ta yi tana shiga motar haya sau biyu a wata, ta bi ta Jajimaji ta sauka Nguru, inda nas-nas da ma'aikatan ƙananan asibitocin ƙauye da matasan likitoci suke jiran ta.

Sista Ikilima, wadda yanzu ita ce babbar nas a ɓangaren masu ciwon ƙoda a can Nguru, ta ce ba za ta manta ranar da aka kawo Likita Tayo zaman Nguru ba. Bayarabe ne, Kirista, an turo shi hidimar ƙasa, ga ƙoƙari ga ilmi, amma Hausarsa ba ta wuce "sannu" da "ina ciwo" ba. Ya zauna a gaba da littafi da biro, yana jiran a fara lacca.

Ya Meram ta ce, "Likita, ɗan ara mini farar rigarka. Zauna can a benci. Yau kai ne marar lafiya."

Ya yi dariya ya miƙa. Ta saka rigar, ta hau kujerar likita, ta sunkuyar da kai tana rubutu. Ba ta dube shi ba. Sai ta ɓarke da Badanci, da sauri kamar ana korar ta. A tsakiya ta ambaci sunansa sau ɗaya, ta ɗaga wata takarda ta duba, ta girgiza kai, ta ja dogon numfashi. Ta yage takarda ta tura masa, ta ɗaga murya: "Na gaba!"

Likita Tayo ya miƙe da takarda a hannu, yana waige-waige. Waɗanda suke jin Badanci suna ta ƙunshe dariya.

"Yaya ka ji?" ta tambaye shi da Turanci.

Ya ce, "Mama, na san wasa ne. Amma da kika girgiza kai, sai da gabana ya faɗi."

"Ka san abin da na ce? Cewa na yi takalminka ya yi kyau, kuma bana kifi ya yi araha." Ɗaki ya kwashe da dariya. Ta bari aka lafa, sannan ta ce, "Kai da ka san wasa ne ke nan, kuma lafiyarka ƙalau. To ina ga wanda ya baro ƙauye tun asuba, ƙafa a kumbure, ya ga ka duba takardarsa ka girgiza kai?"

Sista Ikilima ta ce daga nan babu wanda ya sake dariya. Likita Tayo ya rufe littafinsa, bai rubuta komai ba ranar.

Sai dai karatu ɗaya ba ya sa a zama malami. Likita Tayo ya dage da koyon Hausa, aka kuma dawo da shi Gashuwa, ya fara duba mutane ba tare da tafinta ba. Cikin waɗanda ya duba akwai Malam Babagana, masunci kuma manomin shinkafa daga Dagona, mai kimanin shekara hamsin da biyar. Gwajinsa ya nuna ƙodojin sun yi rauni ƙwarai, amma da sauran aiki a jikinsu. Likita ya so ya gaya masa gaskiya da harshen da zai ji, ya laluba cikin 'yar Hausarsa, abin da ya samo shi ne: "Baba, ƙodarka ta mutu. Wata rana sai wankin ƙoda." Malam Babagana ya ce, "To, Likita. Na gode." Ranar akwai cunkoso, ba a ce ya maimaita abin da ya ji ba, Ya Meram kuma tana Nguru.

Wata biyu ba a gan shi ba. Ita ce ta lura, don duk ƙarshen mako takan ware katunan waɗanda ranarsu ta wuce ba su zo ba. Ta kira lambar da take jikin katin, ba ta shiga. Ta sami Likita Tayo ta tambaye shi me ya gaya wa mutumin. Da ya maimaita mata, ba ta yi masa faɗa ba. Cewa ta yi, "Ranar Asabar ba ka da aiki, ni ma ba ni da shi. Ka taɓa zuwa Dagona?"

Da hantsi suka isa. Damina ta kankama, fadama ta cika, kowa yana gona, amma suka tarar da Malam Babagana kwance a kan tabarma ƙarƙashin darbejiya a ƙofar gida. Matarsa Mas'uda ce ta tare su, ta ja Ya Meram gefe tana share ido da bakin mayafi. Ta ce tun da ya dawo daga asibiti ya ba ƙaninsa kwalekwalensa da komarsa, ya ce bana ba zai yi shuka ba, har ya aika an yanko masa yadin likkafani. Maganin da aka ba shi kuwa yana nan a leda, ko buɗewa bai yi ba.

Aka kawo kujeru, Ya Meram ta ture tata ta zauna a ƙasa, a bakin tabarmar. Likita Tayo ya ga haka, shi ma ya cire takalmi ya zauna. Ta yi gaisuwa mai tsawo, ta tambayi ruwa, ta tambayi kifi, ta tambayi tsuntsayen da suke sauka a fadama ko sun fara ɓarna. Sai da ta ga ya ɗan saki jiki sannan ta ce, "Malam Babagana, me aka gaya maka a asibiti?"

"An ce ƙodata ta mutu." Ya faɗa a hankali, ba tare da ya dubi likitan ba. "To, Ya Meram, wanda kayan cikinsa suka fara mutuwa, saura me? Kuma an ce wanki. Mutum uku na sani a garin nan da aka kai wankin nan. Duka ukun a mota aka dawo da su, an rufe da zane. Gara in mutu a ɗakina."

Likita Tayo ya matso, ya durƙusa sosai. "Baba, ka yafe mini. Ni ne ban iya magana ba. Ba ta mutu ba. Ta gaji ne."

Dattijon ya ɗago ya dube shi a karon farko. Ba a saba ganin likita a durƙushe ba.

Ya Meram ta ce, "In komarka ta tsufa, ta yage ta gefe guda, jefar da ita kake yi?"

"A'a. Ɗinke ta ake yi."

"To a nan misalina ya gaza, don wannan ba ta ɗinkuwa. Ba zan yi maka ƙarya ba, abin da ya lalace ya lalace. Amma abin da ya rage yana kama kifi har yanzu. In aka lallaɓa shi, ba a ja shi a kan ƙaya ba, zai kai ka nesa. Nisan nawa, Allah ne ya sani, ba ni ba, ba likita ba. Su kuma mutum ukun nan, Allah ya ji ƙansu, a tsaye suka tafi asibitin ko a kwance?"

Ya ce, "A kwance."

"To ka gani. Ba injin wankin ne ya kashe su ba, lattin zuwa ne. Kai kuwa da ƙafarka ka zo mana." Sannan ta ce, "Bari in tambaye ka. Ban da tsawon rai, wanda ba a hannunmu yake ba, me ka fi so a yanzu?"

Ya daɗe yana kallon wajen fadama. "In yanki shinkafata da hannuna."

"To a kan wannan za mu yi aiki."

Ta nemi Mas'uda ta kai ta madafa. A can ta ga abin da katin asibiti ba ya nunawa: ƙullin kanwa, da magi cike da gwangwani, da kifi mai gishiri a rataye. A ɗaki kuma ga ledar ƙwayoyin haɗi na ciwon jiki da yake saya wurin masu talla in ya dawo daga ruwa, ga galan na jiƙo da wani ya ba shi. Ba ta ƙwace komai ba, ba ta ce wa kowa jahili ba. Ta ɗaga ledar ƙwayoyin ta ce masa, "Wannan ita ce ƙayar." Sannan ta naɗe hannun riga, ita da Mas'uda suka kaɗa miyar kuka da daddawa kaɗan da citta da tafarnuwa da ɗanyen kifi, gishiri ɗan taɓawa, babu magi babu kanwa. Malam Babagana ya ɗanɗana ya yamutsa fuska.

"Wannan ai miyar marasa lafiya ce."

"To da can wa ka ɗauki kanka?" in ji Mas'uda. Karon farko ke nan da aka ji dariyarsa cikin wata biyu. A nan take Mas'uda ta ce ba za ta riƙa ɗora tukunya biyu ba, gidan duka abin da zai ci shi za su ci, kada ya ga kamar an ware shi.

Likita Tayo ya tsara masa maganin hawan jini, ya karɓi kofin da dattijon yake shan ruwa da shi ya nuna masa adadin da ya dace da jikinsa, aka yi yarjejeniya zai yi aikin gona da safe, in rana ta take ya nemi inuwa. Da za su tashi, likitan da kansa ya ce, da Hausarsa mai tuntuɓe, "Baba, in ƙaninka ya tambaya, me za ka ce? Faɗa mini, in san ko na iya bayani." Ya Meram ta kau da kai tana gyara hijabi, don kada a ga fuskarta.

Malam Babagana ya karɓo kwalekwalensa. Shuka ta ɗan makara a shekarar, amma ya yanka. Ya sake yanka sau uku bayan nan kafin ƙodojin su kai inda dole sai wanki. Tun kafin lokacin ya yi Ya Meram ta kai shi ɗakin injinan ya gani da idonsa, ya tarar da wani direba kwance ana yi masa, yana ta musun siyasa da na gadon kusa da shi. Ranar da aka fara nasa, da ƙafarsa ya shiga. Yau ba ya iya shiga ruwa, jiki ya ja baya, tafiyar ma tana ba shi wuya. Amma yana nan, kuma in ya ga sabon zuwa ya yi tagumi a benci, sai ya matsa kusa da shi ya ce, "Me suka gaya maka? Faɗa mini." In aka tambaye shi yadin nan kuwa, cewa yake yi yana ƙasan akwati, kamar na kowane mai hankali, ba ya gaggawa.

Shi kuma Likita Tayo, da ya gama hidimarsa bai koma gida ba. Shekararsa bakwai ke nan a nan. Yanzu shi yake saka farar riga ya zaunar da sababbi a benci, ya ɓarke musu da Yarbanci.

Kada a ɗauka kowa ne ya bi abin da Ya Meram take so. An taɓa kawo wata tsohuwa daga wajen Yusufari, aka yi mata bayani har sau uku, ta maimaita shi tsaf, sannan ta ce ita ba za ta yi wanki ba. Ba za ta ƙare sauran kwanakinta a kan hanya tsakanin tudun yashi da asibiti ba, tana so ta zauna cikin jikokinta. Wani ma'aikaci ya rubuta a katinta cewa ta ƙi bin umarni. Ya Meram ta sa shi ya soke. "Rubuta: ta ji, ta gane, ta zaɓa." Ba su sallame ta hannu rabbana ba. Aka haɗa ta da ma'aikacin lafiya na kusa da garinsu, wanda shi ma ɗalibin Alhamis ne, ya riƙa leƙa ta yana rage mata ƙaiƙayi da tashin zuciya, har Allah ya karɓi abarsa a ɗakinta. Ya Meram ta yi kuka da ta ji, amma ba ta taɓa cewa tsohuwar ta yi kuskure ba.

Walimar sallamarta ba ta wani taro ba ce. Rumfa ɗaya, da lemo, da 'yan jawabai. Da aka ba ta abin magana sai ta rasa ta cewa, ita da ta shekara goma sha huɗu tana koya wa mutane magana. Ta ce a yafe mata abin da ta yi ba daidai ba, ta roƙi a yi wa Malam Alamin addu'a, ta zauna. Ta ce yanzu hutawa za ta yi, ta yi kiwon 'yan awakinta. Maƙwabtanta suka yi murmushi kawai, don tun satin farko mata suka fara sallama a gidanta da katin asibiti a ƙulle a bakin zane.

Ya Meram, ke ce kika ɗauki kuskurenki kika mai da shi makaranta, a ƙasar da kowa yake ɓoye nasa. Ke ce kika nuna wa masu digiri cewa zama a tabarma ba ya rage ilmi. Uwar masu jira a benci, ba ki warkar da ciwon ƙoda ba, kuma ba ki taɓa cewa za ki iya ba. Amma akwai gonakin da aka shuka, da 'ya'yan da suka girma a gaban iyayensu, da mutanen da suka tafi cikin natsuwa maimakon firgici, saboda kin tsaya kin saurara. Mun gani, kuma mun gode.

Ku kuma da kuke riƙe da biro da katin marasa lafiya a yau, mun san layi yana da tsawo, mun san hannu ya yi kaɗan, mun san gajiya. Duk da haka, kafin ka sallami mutum, ɗaga kai ka dube shi, ka tambaye shi abin da zai faɗa in ya isa gida. Mu ma da muke da masu ciwo a gidajenmu, kada mu tsaya a bakin ƙofa muna jira. Mu shiga tare da su, mu yi tambaya, in ba mu gane ba mu ce ba mu gane ba.

Ya Meram, Allah ya saka miki da alheri, ya sa abin da kika shuka ya yi ta yaɗo bayanki. Lafiyar nan da kika yi shekara talatin da biyar kina nema wa 'ya'yan wasu, Allah ya ba ki ita a jikinki, ki daɗe kina morar ta.